Littafin da Ya Fi Ƙarfin Akwati

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka raka mu filin jirgin Garwa ba, ko da tsufa zai kwashe mini komai. Har yau idan na wuce wurin mai kilishi sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A lokacin ina saurayi, ina koyar da zane a wata makaranta. Shugaban ƙasarmu Kamaru na lokacin ɗan garinmu ne, don haka kowa a Garwa da kafaɗa a sama yake tafiya, tawa kuwa ta fi ta kowa tashi. An zaɓe ni cikin matasa masu zane da za a kai Faransa, mu yi watanni muna bin gari-gari muna zana duk abin da ido ya gani. Sauran duk daga kudu suke, ni kaɗai ne ɗan arewa. Jagoranmu wani dogon Bafaranshe ne, Mushe Pol, wato Malam Pol a bakin Faransawa. Kafin tafiya ya kwashe mu zuwa Mindif mu gwada hannu da zana babban dutsen garin, kuma a gindin dutsen na shuka abin da na girba daga baya.

Akwai wata yarinya 'yar Duwala a cikinmu, Terez, wadda idan ta yi dariya nake manta yadda ake riƙe fensir. Ta tambaye ni sana'ar babana. To, Baba mahauci ne, kakana ma mahauci ne, kuma kilishin Baba Audu babu wanda bai san shi ba a bakin kasuwa. Amma na girma ina jin yara na toshe hanci suna ce mini ɗan fawa. Sai na gyara murya na ce, "Harkar shanu yake yi, babban ɗan kasuwa ne." (Ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Shanun dai ba sa barin hannunsa da ƙafafunsu.)

Da muka dawo Garwa, Mushe Pol ya ce kowa ya je ya zaɓi kayan aikinsa. Ya ce ƙaramin littafi mai shiga aljihu, fensir kaɗan, abin gogewa, da ɗan akwatin launi sun isa, don mai yawo ba ya tara kaya. Maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Ni a ganina girman mai zane yana ga girman littafinsa.

Na nufi kantin Alhaji Sali, abokin Baba, wanda shi ke sayar da kayan makaranta. Ya tarye ni da gaisuwar Fillanci.

"Ɗan Audu, jam na? An ce za ka ƙasar Turawa."

"Jam, Alhaji. Littafin zane nake so, na manya."

Ya ciro wasu ƙananan baƙaƙen littattafai ya jera mini. Na dube su kamar an ba ni ragowar tuwo. Ina ɗaga kai sai na hango wani a can saman kanta, ya sha ƙura, faɗinsa ya kai ƙyauren taga.

"Wancan fa?"

"Wancan wani injiniya ne ya sa aka kawo don zanen gada, bai dawo ba. Ɗana, a ka za ka ɗauke shi, ko jaki za a ba ka a Faransan?"

"Shi nake so, Alhaji."

Ya girgiza kai ya sa tsani. Ban tsaya nan ba. Na ɗebi fensir kowane iri, har da waɗanda ban san amfaninsu ba, da burushi manya da ƙanana, da kwalaben tawada, da kujera mai naɗewa, da wata hular masu zane ta Faransa mai kama da waina da aka zauna a kai. (Ulu ce zalla, kuma bazara ake yi. A Garwa.) Akwatina ya cika har sai da na zauna a kansa ya rufu. Littafin kuwa ko kusurwarsa ba ta shiga ba, dole na kai wa baduku ya yi masa maɗauri da abin ratayawa.

Da safen tafiya Baba ya shigo ɗakina da wani ƙunshi a takardar siminti, mai ya riga ya fara fitowa ta gefe.

"Ga guzuri. Da hannuna na yi, na zaɓi cinya. Ba ka san wanda ke yanka naman can ba."

Na durƙusa na karɓa, na yi godiya, sai dai akwai matsala. Akwati babu wuri. In rungumi ƙunshin mahauta a gaban Terez, da hulata da komai? Sai na ce, "Baba, rana da zafi yau, kada ka wahalar da kanka zuwa filin jirgi." Ya dube ni, ya ce "To," ya fita.

Nan dabara ta faɗo mini. Kilishin Baba falle-falle ne, shimfiɗaɗɗe, kuma faɗinsa daidai da shafin littafina kamar an auna. Na kwance ƙunshin, na riƙa sa falle ɗaya tsakanin shafuka, in tsallake kaɗan in sa wani, har ya ƙare. Na ɗaure littafin tamau. Wallahi a lokacin ji na yi duk Kamaru babu mai kaifin basirata.

Jirgi bai zo da wuri ba. Ɗan inuwar da ke akwai manya sun cinye ta, mu kuwa muna tsaye a fili, na jingina littafina da bango inda rana ta fi dukansa. Wanda ya san ranar Garwa ya san tana iya soya ƙwai, balle man gyaɗa da ke jiran dalili. Ƙudaje suka fara zuwa gaisuwa. Terez ta ɗaga hanci ta ce wani abu na ƙamshi. Na ce iska ce ke kawowa daga gari, na matsa na tsaya a gaban littafin, gumi na zubowa daga ƙarƙashin hula.

Can sai ga motar Sufurefe, wato babban jami'in gwamnati na yankinmu, ya zo yi mana sallama da 'yan rakiyarsa. Ya yi jawabi cewa mu ne fuskar ƙasa, aka tafa. Da a nan aka tsaya da na tsira. Sai Mushe Pol, don ya faranta masa rai, ya nuna ni ya ce ga ɗan gari, ga shi da littafi mafi girma, ya kamata shafin farko ya zama hoton mai girma. Aka sake tafawa. Wani ya buɗe kujerata mai naɗewa, Sufurefe ya zauna ya gyara babbar riga ya ɗaga haɓa.

Na ce fensirina na cikin akwati. Hannuwa suka miƙo mini fensirori ta ko'ina. Na ce maɗaurin ya cije. Wani ɗan sanda ya kwance shi da yatsa ɗaya.

Na ja murfin, ya ƙi. Na ƙara ja, ya buɗe da ƙara irin ta ɓare fata. Shafin farko ya koma ja kamar an tsoma shi a miya, ana hango na bayansa ta cikinsa, kuma ga fallen kilishi nan kwance a tsakiya yana ƙyalli. Iska ta ɗebi yaji ta kai wa mai girma, ya saki atishawa har hularsa ta karkace. Kowa ya zuba wa littafin ido.

Terez ta leƙo ta ce, "Wane irin launi ne wannan?"

Ni kuma, Allah Ya yafe mini, na ce, "Sabon salo ne."

Dariyar da aka yi har ma'aikatan jirgi sai da suka leƙo. Sufurefe ya miƙa hannu ya ɓalli gefen salon nawa, ya tauna a hankali, ya lumshe ido.

"Kai! Wannan ai hannun Audu ne na bakin kasuwa. Yaro, ina ka samo shi?"

Ina jin idon Terez a kaina. Kafin in ƙirƙiro wata sabuwar ƙarya, sai murya ta taso daga bayan shingen waya.

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Da kilishin da yaron."

Baba ne, cikin rigarsa ta Juma'a, riƙe da kekensa. Ya zo duk da haka, ya tsaya daga waje inda ba zan gan shi ba. Kunyar farko ta ba ni zafi, amma wannan ta biyu ita ta sa na ji kamar in tona ƙasa in shige. Na cire hular nan na je bakin shingen na durƙusa.

Ya leƙo littafin ta cikin waya ya ce, "Takardar nan ba ta da kyau, tana shan mai. Da ka bar shi a ta siminti." Sai ya dafa kaina ta saman shingen. "Tashi ka zana bawan Allah, yana jira."

Haka na zana Sufurefe a kan mai, fensir na santsi, hancinsa ya faɗa daidai kan wani dunƙulen yaji. Ya karɓi hoton, ya haɗa da falle guda.

A Faransa, tun a tashar jirgin ƙasa ta farko na sayi ƙaramin baƙin littafi, irin wanda Alhaji Sali ya jera mini sak. Babban kuwa ya zama rumbun abinci. Da dafaffen dankali marar gishiri ya ishi mutane, waɗanda suka fi kowa dariya su suka riƙa ƙwanƙwasa ƙofata suna tambaya ko akwai sauran shafi. Terez ba ta sake kirana da sunana ba, Mushe Sabon Salo take ce mini har muka rabu. A shafin farko na ƙaramin littafin na zana wani dattijo da keke a bayan shinge, kuma duk wanda ya tambaya na ce babana ne, mahauci.

Tun daga nan nake gaya wa ɗalibaina su sayi littafi daidai aljihunsu. Guzurin gida kuma a riƙe shi a hannu kowa ya gani, don abin da ka ɓoye a inuwa, ranar Garwa za ta narkar da shi a gaban Sufurefe.