Alhaji Hatimi Ya Nemi Lasisin Caca a Riyad

Duk Bahaushen da ya zauna Riyad a shekarun da kuɗin man fetur suka ɓalle, in bai san Alhaji Abdulmuttalib ba, to zaman banza ya yi. Mutum ne guda har da rabi. Tankar ruwa yake ja a wani kamfanin gine-gine, amma kul ka ce masa direba. Shi Babban Jami'in Rarraba Ruwa ne. Biro uku ne a aljihunsa, ɗaya ke rubutu. Mutanen unguwar Badi'a suna kiransa Alhaji Hatimi, don aƙidarsa guda ce a duniya: abin da hukuma ta buga wa hatimi ya halatta. Shi kuwa ya ɗauka sarauta ce, har ɗaga hannu yake in an kira.

Kafin ya zo Saudiyya ya yi shekara tara yana riƙe da shagon cacar ƙwallo a Kaduna, da lasisinsa na gwamnati mai hoto da hatimi biyu. Takardar nan ya sa mata gilas, ya rataye ta a falo, sama da hoton mahaifinsa.

Ran nan ya dubi leburori da direbobi, albashi ya cika musu aljihu, ba sinima ba wurin kashewa, sai tausayi ya kama bawan Allah. A ce birni kamar Riyad babu shagon caca ko ɗaya! Mai ƙaramin tunani zai ce ai haramun ce a ƙasar. Alhaji da zurfin basirarsa ya gano cewa ba wanda ya taɓa neman izini ne kawai.

Matarsa Azumi ta ji, ta dafe ƙirji. Ta tuna masa cewa igamarsa, takardar zaman nan, ita ke riƙe da su duka: ita, da 'ya'ya huɗu da ke makaranta, da ɗakin da suke ciki. Ta roƙe shi don girman Allah ya bar kaza cikin gashinta. Ya ce mata harkar gwamnati ba ta mata ba ce, ta kawo masa shayi.

Masu rubuta wa mutane takardar koke a bakin ofisoshi, uku ya je wa. Biyu suka ce hannunsu na ciwo, na ukun ya naɗe teburinsa ya bar wurin. Alhaji ya ce hassada ce, ga mai rabo kuwa taki. Ya zauna ya rubuta da kansa da Larabcinsa na tasha, ya ciro lasisin Kaduna daga gilas ya liƙa a baya, don a san ba sabon shiga ba ne.

Sati guda yana yawo a unguwar Murabba, yana tambayar ina hukumar kula da caca take. Kowa ya tambaya sai ya nuna masa nesa, ya ƙara sauri. Daga ƙarshe ya faɗa wani ofishin ba da lasisin kasuwanci, ya ajiye takardarsa gaban wani dattijon akawu. Tsohon ya karanta, ya waiwaya hagu da dama, ya ninke ta, ya tura masa ita cikin aljihu, ya ce a hankali, "Ya Hajji, ni ban ga komai ba. Tafi gida wurin iyalinka."

Alhaji ya sake ajiyewa. Tsohon ya sake mayarwa. Da wani ne da ya gode wa Allah, amma wanda ya yi nisa ba ya jin kira.

"Ni za ka mayar wa takarda?" in ji Alhaji, yana buga tebur. "Ni da na yi hulɗa da hukumar lasisi ta jiha guda, kai kana nan kana kaɗa ƙuda? Kira mini mudir. Ba na magana da ƙananan ma'aikata."

Aka kira mudir, shugaban ofishin. Ya zo, ya sa aka ba Alhaji kujera da gahawa, ya karanta takardar har sau biyu. Cikin ladabi ya tambaya ko da gaske ne ya yi shekara tara a wannan sana'a. Alhaji ya gyara masa: tara da wata huɗu. Mudir ya nemi igama, Alhaji ya miƙa da hannu biyu, ya kuma ja hankalinsa cewa in za a buga hatimi a danna da kyau, don ba ya son mai dishi-dishi.

An kuwa danna da kyau. Kwana uku ya yi a tsare, inda ba a ba da gahawa, aka kira kamfanin da ya tsaya masa suka kawo fasfo, aka buga masa hatimi ƙato, ja wur: fita, ba dawowa.

A filin jirgi Azumi na zaune kan ƙullin kaya, idanu sun kumbura, yara na tambayarta da Larabci ina ne Kaduna. Alhaji kuwa ya buɗe fasfo yana nuna wa waɗanda suka rako su.

"Kun ga ƙasar da ake aiki," ya ce. "Kwana uku kacal sun sa hannu. A Kaduna sai da na yi wata shida ina zarya."

Azumi ta share hawaye da gefen mayafi, ta ce, "To Alhaji, in mun isa, shi ma sai a sa masa gilas."