Ranar da Na Yi Wa Maroƙi Kyautar Dala Guda

Har in koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa da bikin ɗiyar daraktanmu a Dogo-Dogo ba.

Ni mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, kuma ina da wani ciwo: tara tsofaffin takardun kuɗi na zamanin Nasara. (Matata tana ce musu "gawawwakinka".) Wata bakwai na yi ina zarya zuwa garin Kwaya wurin wani tsoho, Baba Ilu, saboda takardar dala guda, wato faran biyar, da ubansa ya bari cikin gafaka. Na kai goro, na kai sukari. Sai ranar bikin da safe ya ce, "Ungo, ɗana, ka ishe ni." Na soka ta aljihu, na hau moto, ina ta murmushi ni kaɗai.

Da la'asar wuri ya cika. Maroƙi ya hango ni cikin shadda, ya ɗaga lasifika ya fara: "Mushe mai alli, hasken Dungas!" Kaina ya kumbura. Na sa hannu aljihu, ban ko duba ba, na miƙa masa sama-sama yadda kowa zai gani.

Ya buɗe, ya juya ta gaba da baya, ya shinshina.

"Jama'a, ku yi shiru! Mushe ya yi kyauta. Dala guda! Ita ma ta riga kakana mutuwa!"

Mata suka rangaɗa guɗa. Darakta ya sunkuyar da kai. Mai hankali zai zauna ya shanye kunyarsa. Ni kuwa sai na bi mutumin nan cikin fili, babbar riga tana harɗe ni, ina cewa, "Don Allah maido, kuskure ne!" Ashe bakina yana dab da lasifika.

"Kun ji? Dalar ma ya fasa!"

Sai da darakta da kansa ya taso ya ce wa maroƙin, "Malam, yi haƙuri, ba shi kayansa, yaron ba mugu ba ne, lalura ce." Ya maido ta a duƙunƙune, gefe ɗaya ya yage, ga shatar man tuwo a tsakiya.

Yau shekara uku, ko ɗaliban da ban koyar ba Mushe Dala suke ce mini. Abin da na koya kaɗan ne: in maroƙi ya fara yabonka, duba hannunka kafin ka ɗaga shi.