Rasuwar Kyamarar Harisu a Kwanon Man Riɗi

Da zuciya cike da baƙin ciki, iyalan marigayi Mahmudu na Gadarif, a ƙasar Sudan, suna sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar kyamarar ɗansu, Harisu mai hoto. Ta cika ranar Talata da hantsi, a cikin kwanon man riɗi, a hannun mahaifiyarsa Inna Jummare, wadda take jinyar ta da kyakkyawar niyya.

Marigayiyar ta zo garin nan da tsufanta, a bayan lori. Ba ta da yawan magana. Abin da aka sani daga bakinta shi ne "ƙyat", sai "kirrr" idan ana jan fim. Ta yi aiki a manyan gonaki daga Basunda har Showak. Lokacin yankan riɗi, leburori kan jeru gaban tarakta, kowa ya ɗora hannu a kan taraktar kamar tasa ce, ya aika hoton gida. Tarakta guda ta ɗauka da masu ita barkatai, kuma ba ta taɓa tona asirin kowa ba.

Da wannan sana'a take saya wa Harisu fim, da maganin ciwon damuwa da likita ya rubuta masa. Da ita kuma take riƙe aikin da ya fi so, wanda ba mai biyan sa: hotunan hannayen masu yankan riɗi, babu fuska. Wata ƙungiya a Khartum ta ce idan ya aika da su kafin kaka ta wuce, za ta ɗauki nauyin sauran aikin. Akwai wani aikin marigayiyar da bai faɗa wa ƙungiyar ba. A ranakun da tashi daga gado yake gagarar sa, ita ce ke rataye a ƙusa tana kallon sa, har ya ji kunya ya fita.

Rashin lafiyarta ya fara ne daga ƙaiƙayin dawa, "ƙyat" ɗinta ya koma jan numfashi. Daidai lokacin ciwon Harisu ya tashi. Ya rufe taga, ya rufe ƙofa, ya daina amsa sallama. Inna Jummare ta shafe shi da man riɗi matsar raƙumi, kamar yadda take yi wa mura da zazzaɓi da targaɗe. Da bai tashi ba, ta koma kan kyamarar, da tunanin idan ɗaya ya warke zai tayar da ɗaya. Ta fara da shafawa. Daga baya ta jiƙa.

"Gaɓoɓinta ne suka bushe, ya waladi, ɗana," ta ce masa ta bayan ƙofa. "Ƙyauren nan ma da man nan na raba shi da kuka."

An garzaya da kyamarar wurin Ɗantsoho mai gyaran agogo a kasuwa. Ya ɗaga ta, ta ɗiga masa mai a jallabiya.

"Hajja, wannan ta wuce gyara, sai dai a kawo dafaffen waken ful a ci da ita," in ji shi, sannan ya yi wa Inna Jummare ta'aziyya da Larabci: "Albaraka fikum."

Marigayiyar ta bar ƙafa uku, ɗaya gurguwa, da jakar fata, da fitila mai walƙiya da ta makance tun bara. Murfin idonta ya riga ta gidan gaskiya, a hanyar Basunda. Ta kuma bar fim guda a cikinta, wanda ke ɗauke da hotunan hannayen. Ɗantsoho ya ce bai san ko man ya kai gare shi ba, kuma ba a buɗe ta sai a duhu. Duk unguwar babu ɗakin da ya kai na Harisu duhu, babu kuma mai iya cire fim ɗin ya kai wanki kasuwa sai shi.

Za a yi zaman makoki a ƙofar gida bayan La'asar, akwai shayi. Ana roƙon masu zuwa kada su ce wa Inna Jummare komai, kada kuma a kawo man riɗi. Za a binne marigayiyar a gindin dogon yaro na bayan gida da zarar an raba ta da abin da ke cikinta.

An ajiye gawar a kan faifai a bakin ƙofar Harisu. Jiya da rana aka ga faifan babu komai. Yau da safe ya tambayi inda takalmansa suke. Har zuwa rubuta wannan sanarwa, ƙofar a rufe take.