Kurjin Gefen Hancina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so mantawar ma mutanen Surko ba za su bar ni ba, da ranar da dattawa suka taru a zauren yayana suna duba mini hanci.

Ni manomi ne, na doshi hamsin, karatuna bai wuce in rubuta sunana ba. Da furfurata a gemu kuraje suka ga dama suka fito mini a fuska, irin na yara masu tashen balaga. Ko ina saurayi ban yi su ba. Suka cika kumatu, suka hau hanci, hancin ya kumbura, in na shiga rana fuskar ta ɗau zafi kamar na leƙa tukunyar tuwo. Na shafa man kaɗanya, na wanke da sabulun salo, wanzami ya matse har ya gaji. Kullum ƙaruwa suke.

Daga ƙarshe na hau babur na tafi asibiti a Birnin Kudu, ban gaya wa kowa ba. Likitan a haife na haife shi. Ya duba ya ce ciwon fata ne, manya ma suna yi. Na ce to a yi mini allura in tafi gona. Ya ce babu allura. Ya rubuta mini wani ɗan kafso, ya ce guda ɗaya kullum da safe, wata da watanni, kuma duk wata in dawo ya gani. Na ce ba za a ba ni mai ƙarfi in shanye a gama ba? Ya ce ƙanƙantar ita ce amfaninsa, a hankali yake kwantar da zafin fatar, kada in sa ran ganin canji da wuri. (Har yau ban gane yadda ƙaramin magani ya fi babba ba. Na dai ce to.) Sannan ya jero dokoki: in sha da ruwa cike da kofi, kada in koma kwanciya bayan na sha, kada in haɗa shi da nono, in rage yaji, in guji ranar tsaka, wanzami kuma ya cire hannunsa daga fuskata.

Matsalar ita ce lokacin Hauwa, 'yata ta fari, ta sami miji. Wani tela ne daga Maruta ta ƙasar Gwaram, ita ta kawo shi, mun bincika mun yarda, saura sa rana. Yaya za a yi a ce surukin mutane yana shan maganin kurajen samari? Sai na cusa maganin a ƙarƙashin jinkar rumbu. Kullum bayan asuba in zagaya bayan rumbun da kofina, in waiga hagu in waiga dama, in haɗiye.

Dokokin likita kuma na bi su har na wuce gona da iri. Ya ce kada in haɗa da nono, ni kuwa na bar fura da nonon gaba ɗaya, na fara ramewa. Na sayi malfa irin ta makiyaya, na ƙara da mayafi ina rufe kumatu. Kafin rana ta take na baro gona. Na daina zuwa wurin wanzami, gemu ya yi buzu-buzu. Duk wata in ce zan je Birnin Kudu neman taki, in dawo babu ko kwano ɗaya.

Sai na ga mutane sun fara yi mini kirki. A majalisa a matsa a ba ni wuri mai inuwa. Wanda ban taɓa shiri da shi ba ya tsaya ya ce ya jiki. Liman ya riƙe mini hannu bayan la'asar yana gaya mini cewa kowace cuta kaffara ce. Ladi matata ta koma dafa mini hanta da zogale, in ta ajiye kwanon sai ta juya tana share ido da bakin zani. Na tambaye ta wa ya mutu, ta ce babu kowa. Abin da ya fi ɗaure mini kai, a lokacin maganin ya fara aiki. In na duba madubin babur sai in ga fuska tana washewa, hanci yana saɓewa. Ni ina samun sauƙi, gari yana yi mini sannu. (Na taɓa zaton ko zaɓe ne ya matso ana son ƙuri'ata.)

Ranar sa rana mutanen Maruta suka zo da goro da alawa, suka sauka a zauren Yaya Habu, tunda shi ne waliyyi. A al'ada uban yarinya ba ya zama wurin, don haka ina gida ina gyaran igiyar awaki sai aka ce in zo. Na shiga da malfata na gaishe su. Goro yana nan a ƙulle, ba a kwance ba.

Alhaji Sale, baffan yaron, ya yi gyaran murya ya yi ta kewaye-kewaye. Ya ce lafiya ta Allah ce. Ya ce yanzu akwai magani, mutane suna sha suna rayuwarsu, suna aure suna haihuwa. Ya ce su ba ciwon ne ya dame su ba, ɓoyon ne, don gidan da za a ɓoye musu wannan ba su san me kuma za a ɓoye ba. Saboda haka gara a jinkirta sa ranar. Ni dai ina ta gyaɗa kai ina cewa haka ne, haka ne, ina jiran in ji wane bawan Allah ake nufi.

Yaya Habu ya gaji ya ce, "Kai ake nufi. An ce kana shan maganin ciwon nan na zamani. Ladi ta gan ka a bayan rumbu, an kuma gan ka a layin karɓar magani."

Sai a lokacin na gane. Na haɗa hantar da zogalen da hannun liman a raina.

Na ce, "Yaya, kuraje ne."

"Wane irin kuraje?"

"Na fuska. Irin na yara."

Alhaji Sale ya ce in ba damuwa su gani. Na cire malfa, na kwance mayafi. Suka duba. Fuska sumul, babu komai sai 'yan tabo da gemu ya rufe. Maganin da na yi wata da watanni ina roƙon Allah ya yi aiki, ya yi aikin, ya bar ni babu shaida.

Wallahi ban san lokacin da na fara lalube fuskata da yatsa ba. Ina shafa kumatu, ina buɗa gemu, ina cewa jiya ma akwai ɗaya a nan. Can na ji shi, a kwarin gefen hanci, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero. Na ce ga shi. Aka ce in matso bakin ƙofa wurin haske. Alhaji Sale ya ciro tabarau ya saka, ya kama haɓata ya karkatar da kaina. Sauran dattawan suka taso ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuya ya leƙa, kamar ana duba haƙoran bijimi a kasuwa.

Alhaji Sale ya ce, "Wannan dai kurji ne."

Wani tsoho a cikinsu ya ce guda ɗaya ai kowa yana yi. Sai ga muryar Ladi daga bayan zana, ashe tana laɓe. Ta ce, "Alhaji, in kuraje ne ni shaida ce. Watannin baya fuskar nan ko kaza ta gani sai ta kai tsattsaga." Tana faɗa tana kuka tana dariya. Na ce a aika a ɗauko maganin a rumbu, duk mai shakka kuma ya hau bayan baburina mu je wurin likita.

Yaya Habu ne ya fara dariya, sauran suka bi. Alhaji Sale ya sake mini haɓa ya ce, "To, Saurayi, Allah ya ƙara sauƙi. A kwance goro." Aka sa rana bayan girbi.

Da na raka su wurin mota Alhaji Sale ya ja ni gefe, ya ɗaga gemunsa ya nuna mini wasu 'yan ƙulle-ƙulle a wuya, ya tambaye ni a hankali wace rana likitan yake zama.

Hauwa tana Maruta yanzu da ɗanta. Sunan Saurayi ya bi ni har masallaci. Abin da na koya shi ne, in ka ɓoye ƙaramin abu a ƙauye, mutane za su nemo maka babba su ɗora maka, kuma da tausayi za su yi. Da kurajen suka ɗan dawo bana likita ya sake rubuta mini kafson, a ƙofar gida nake zama in sha, in ɗaga shi sama duk mai wucewa ya gani. Wanda kuwa yake gefen hancin nan, ko ya fito ba na taɓa shi. Ina da sauran 'ya'ya mata.