Giwa da Matakala Talatin da Tara

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa baiwar kunne, to a fara da Girgiza-Ƙasa, sannan a huta kafin a ambaci na biyu. Shekara ashirin da uku yana kaɗa jitar bes, mai kaurin muryar nan da ƙirji ke ji kafin kunne. Shi da bakinsa ya shaida mana cewa daga bayan ƙofa yana iya gane irin katakon da aka yi akwatin sifika da shi. Ba mu taɓa gwada shi ba. Mu huɗu ne a ƙarƙashinsa: ni mai piyano, da mai ganga, da mawaƙiya, da Injiniya mai haɗa mana wayoyi. Duk mun yarda.

Akwatin sifikarsa kuwa Giwa muke ce mata. Na taɓa ɗora ta a sikelin masu buhuna, kilo arba'in da takwas. Tsayinta ya kawo mini ƙirji. Mariƙi biyu gare ta, ɗaya ya karye tuntuni aka ɗaura igiya a madadinsa. Ɗakin da muke atisaye yana saman shagon teloli, matakala talatin da tara, da lanƙwasa biyu masu matsi. Duk ranar da muke da wasa sai Giwa ta sauka, duk ranar da muka dawo sai ta hau.

Ba a taɓa ganin Girgiza-Ƙasa ya taɓa mariƙin nan ba. Ni da mai ganga muke ɗauka. Shi yana gaba, jita a kafaɗa, yana ba da umarni.

"A hankali da kusurwar nan! Ba gawa kuka ɗauko ba, mai rai ce."

In mun kai sama muna haki, sai ya shafa kanta ya yi mana darasi. "Sauti nauyi ne, ƙannena. Duk abin da mutum ɗaya zai iya ɗauka, rediyo ne. Kun ji yadda ta yi gurnani jiya? Tun daga cikinta yake fitowa." Mu kuwa mu gyaɗa kai. Ni har ƙari nake yi. Na taɓa gaya wa matata cewa ina jin Giwa a haƙorana.

A matakala ta ashirin da shida ƙashin bayan mai ganga ya ƙi. Wata Talata ce da hantsi. Ya saki igiya ya zauna, fuskarsa ta yi fari, ya ce wani abu ya ɗaure masa a ƙugu. Likita ya ce ya yi wata uku bai ɗaga abin da ya fi butar shayi ba. Matarsa ce ta zo da saƙon, ta tsaya a ƙofa ta faɗa wa Girgiza-Ƙasa ba ta sassauta ba.

"Yaya, ko ka nemi akwatin da za ka iya ɗauka da hannunka, ko su nemi wani mai jitar. In ba haka ba mijina ya bar kiɗa."

Mawaƙiya ta goyi bayanta. Muna da wasa ranar Asabar a babban ɗakin taro, kuma akwai wani mai bes da ya daɗe yana zagaya mu. Girgiza-Ƙasa ya san da shi.

Ranar Alhamis muka je shagon kayan kiɗa. Mai shagon mace ce, ba ta girmi Giwa da yawa ba, kuma ba ta da yawan magana. Ta jera masa akwatuna uku. Ta ce na yanzu maganaɗisun cikinsu ƙarami ne amma ya fi na da ƙarfi, katakon kuma marar nauyi. Ta tambayi ƙarfin amfilifayarsa, wato na'urar ƙara sauti, da girman ɗakunan da muke wasa, da yawan matakalarmu. Ta nuna na tsakiya, kilo goma sha ɗaya.

Girgiza-Ƙasa ya sa yatsa biyu ya ɗaga shi, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"'Yata, wannan ai akwatin kayan kwalliya ne."

"Yallaɓai, ka saurara tukuna."

Ya kaɗa sau uku. Gilashin kanta ya yi rawa. Ya yamutse fuska kamar wanda aka ba magani. "Babu ƙashi a ciki. Sauro ne da babbar riga. A kawo Giwa, yarinyar nan ta ji abin da ake kira sauti."

Aka kawo ta. Ni da Injiniya muka sauko da ita, muka sa a mota, muka shigar da ita shagon. Tun a hanya na lura Injiniya yana gumi fiye da yadda nauyin ya kai.

Mai shago ta ɗauki waya za ta haɗa. Injiniya ya yi wuf ya ce ta bari shi ya saba. Ta ce shagonta ne. Ta haɗa.

Girgiza-Ƙasa ya gyara tsayuwa, ya rufe ido, ya ja tsirkiyar jitar da ta fi kauri.

Shiru. Sai ƙarar fanka.

Ta canza waya. Shiru. Ta kwance bayan akwatin, ƙusa goma sha biyu, ta haska ciki da fitilar wayarta ta hannu. Sifika huɗu, duk sun ƙone. Takardar bakin biyu daga ciki ta yage. A ƙasa akwai sheƙar ɓera, tsohuwa, har masu ita sun tashi.

"Wannan ta daɗe da mutuwa," in ji ta. "Ba bana ba, ba bara ba."

Duk muka juya ga Injiniya. Ya kalli takalminsa.

"Shekara shida," in ji shi. "Ranar da wuta ta yi ƙarfi a wancan ɗakin taron. Na rasa bakin gaya maka, Yaya. Sai na riƙa ajiye wani ƙarami a bayanta, ina kai wayar can."

"Wane ƙarami?"

"Na cikin jakata."

Mun san jakar. Baƙa ce, yana rataya ta a kafaɗa, kullum shi ne na farko da yake hawa da ita. Mun ɗauka wayoyi ne. Mai shago ta tambayi kamanninsa, ya kwatanta, ta miƙa hannu ta dafa akwatin kayan kwalliya.

"Yayan wannan ne. Kamfani ɗaya, girma ɗaya."

Na yi lissafi a tsaye. Wasa biyu a mako, hawa da sauka, shekara shida. Na tuna haƙorana.

Girgiza-Ƙasa bai daɗe a ƙasa ba, babban mutum ba ya daɗewa. Ya yi gyaran murya ya ce, "To, yanzu na gane. Na jima ina jin wani sabon zaƙi a sautina, na ɗauka hannuna ne ya ƙara nuna. Ashe kunnena ya zaɓi akwatin nan tun shekara shida, kafin ku ku waye. A naɗe mini shi."

Giwa muka bar wa mai shago, ta ce za ta yi teburin ajiye wayoyi da ita.

Ranar Asabar wasa ya yi kyau, kujerarsa ta tsira. Washegari da rana muka dawo da kaya. A gindin matakala Girgiza-Ƙasa ya ajiye sabon akwatin, ya gyara jita a kafaɗa, ya tsaya yana murza yatsunsa yana kallon sama. Bai ma kalle ni ba.

Sai a matakala ta tara na lura da abin da ke hannuna: sabon akwatin ne.

"A hankali da kusurwar nan," in ji shi daga gaba.