Yadda Na Zama Baba Gooder

Laifina ne, ba na musu. Ni direban motar Mirriya, da Ingilishin da na tsinta a tasha, na buɗe kayen 'yata Rakiya, littafin aikinta na makaranta, na ga ta rubuta good, better.

Na ce, "Shirme! Tall, taller. To, good, gooder. Goge."

"Baba, malaminmu, mushe, ya ce..."

"Mushenku ya taɓa zuwa Kano?"

Ta goge, ta rubuta gooder. Washegari mushen ya karanta aikinta gaban aji, 'yan lakwal, wato 'yan makarantarsu, suka rako ta gida suna "Gooder!" Ko tuwo ta ƙi ci. Har yau in uwarta ta kawo mini shayi sai ta ce, "Ya yi gooder?"

Na sami Rakiya na ce, "Yi haƙuri, uwata. Ke ce best. Na faɗa daidai?"

Sai da ta duba kaye sannan ta yafe.