Ranar da Radar Ɗina Ta Auna Numfashin Kawu

Ba zan taɓa mantawa da hutun da na zo gida Garoua da radar a cikin jaka ba. Shekara da shekaru ina labo, wato ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu, ina bincike kan na'urar da ke gano numfashin mutum ta bayan bango, saboda in gini ya rufta a san inda mai rai yake. A gidanmu na unguwar Poumpoumré kuwa, sunan aikin "wasan waya".

Kawu Alhaji, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babana, ya ce magana ɗaya ce: ko in nuna masa amfanin abin, ko in dawo in zauna shagonsa na atamfa.

Na ce, "Kawu, ka shiga ɗakin ajiya ka rufe ƙofa. Daga nan tsakar gida zan faɗa maka yadda kake numfashi."

Ya shiga. Maƙwabta suka cika gidan kamar ana rabon shinkafa. Na kafa eriya, na buɗe ordinateur, wato kwamfuta, na yi musu lacca kan yadda ake tace signal a watsar da hayaniya (babu wanda ya tambaye ni, ni ma na sani). Can sai ga layi yana hawa yana sauka a allo, tsaf.

"Voilà! Ga Kawu nan!"

Mata suka ɗau salati. Da a nan na tsaya, da yanzu ina da mutunci. Amma bakina ba shi da birki.

Na ce, "Numfashin ya yi sauri fa. Kawu na ɓoye mana ciwo. Ga ƙiba ta danne masa ƙirji. Kai, ga alama ma tauna yake yi a ɓoye!"

Goggo Hajiya, matarsa, ta dafe ƙirji. "Na shiga uku, ai likita ya hana shi ƙuli!"

Sai na ji gyaran murya a bayana.

"Dokta, ci gaba mana. Me kuma nake yi?"

Kawu ne, zaune a kan turmi yana jan carbi. Ashe ɗan kasuwa ba ya karɓar kaya sai ya gwada; tuni ya fice ta ƙofar baya. Aka buɗe ɗakin, sai ga ragon layyarsa ya tura kai cikin buhun dusa.

Har yaran maƙwabta sai da suka kwanta a ƙasa don dariya. Ni kuwa na duƙufa naɗe waya kamar a kanta za a ba ni digiri.

Kawu ya ce, "Na'urarka ba ta yi ƙarya ba, akwai mai rai a ɗakin. Koma ka ƙarasa karatun. Shago ba ya son wanda ke ƙara wa kaya abin da babu."

Na tsira daga atamfa, amma har yau Doktan Rago ake ce mini. Yanzu ko a labo layi ya motsa, sai na fara tambaya: ƙafa nawa gare shi?